Sensa ta biyu a injin rotari: mai waya biyu ko mai waya uku?

Wa alaikumus salam, Injiniya. Ka ce injin rotari na Mazda da za ka ɗaura wa jirgin samanka yana da ƙwaƙwalwa biyu, wato kwamfutocin da ke sarrafa wuta da mai, amma sensa ɗaya ce ke gaya musu inda injin ya kai a juyinsa, kana tambaya wace iri za ka ƙara ta biyu: mai waya biyu ko mai waya uku. Ka sayi mai waya biyu, irin ta Mazda da ke jikin injinka yanzu, ka rabu da mai waya ukun nan da ake kira Hall, wadda ake ta zuga ka a kanta. Duk biyun na taɓa ɗaura wa nawa injin. Ɗaya har yau tana wurinta, ɗayar kuwa tana cikin gwangwanin da nake zuba matattun fulogai.

Nawa ma Renesis ne irin naka, wato rotarin da ke cikin motar Mazda RX-8, daga wata da ta yi hatsari na ciro shi, yana kan teburin gwaji a bayan gidana a Kuje. Bai tashi sama ba tukuna, kada wani ya ce na yi ƙarya, fukafukan jirgin ma ba a gama ba, maganar takardun NCAA, hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, kuwa tana gaba. Amma na kunna shi a ƙasa har maƙwabta sun gaji da kawo ƙara, don haka abin da zan faɗa a hannuna na gani.

Ka yi daidai da ka damu da sensa ɗaya tana ciyar da ƙwaƙwalwa biyu. Mutane suna ganin fulogi biyu a kowace rota (ƙarfen nan mai kusurwa uku da ke juyawa a madadin fistan), na gaba da mai bin baya, sai su ɗauka an gama tanadi kamar injin jirgi na Lycoming mai magneto biyu (na'urar da ke haɗa wa fulogi wuta), irin wanda ke jikin jirgin Air Beetle ɗin da aka harhaɗa wa sojojin sama a Kaduna. A can kowace magneto cin gashin kanta take yi. A nan kuwa fulogan huɗu da duk injektoci jiran wannan 'yar sensa suke ta gaya musu inda karanshaf ya kai. Ta yi shiru, kowa ya yi shiru. (Na san a rotari ba karanshaf ne sunansa na gaskiya ba, amma haka bakinmu ya saba, a bar mu.)

Mai waya biyun, wadda ake kira VR, ba wani abin kirki a cikinta: maganaɗisu ne da siririyar waya nannaɗe a kansa. Haƙorin ƙarfe na faifan da ke juyawa tare da injin ya gifta ta gaban hancinta, sai ta haifi wutarta da kanta. Ba ta neman batir ya ba ta komai, babu kuma wani ɗan guntun lantarki a ciki da zafi zai dafa. Wannan rashin wayon nata shi nake so. Ka tuna a jirgi giyar farfela a ɓangaren filawil take zama, don haka fulin da ke gaba a mota shi ke komawa baya, ya matse a jikin bangon da ya raba injin da matuƙi. Iska ba ta kai wa wurin sosai, ga hayaƙin rotari da zafinsa kan doshi digiri 900. Duk abin da za ka ajiye a wannan lungu, ka zaɓi wanda ya fi taurin rai.

Ranar da na yarda da ita ba zan manta ba. Wata Asabar ce cikin Maris, zafin Abuja ya kai inda ko kaji sun buɗe baki. Mun ɗaure teburin da sarƙa a gindin mangwaro, ƙanena yana riƙe da tukunyar kashe gobara, hannunsa na rawa. Na kai injin juyi 4,000 a minti, sai na ja igiyar da na ɗaura wa soket ɗin sensa ta farko, ya fita. Nan take ƙarar ta yanke kamar an shaƙe shi. Na buga makunni zuwa ƙwaƙwalwa ta biyu, ya yi tari ɗaya, ya tofar da wuta ta salansa, ya ci gaba da kukansa kamar ba a yi komai ba. Ƙanen nawa ya ajiye tukunyar ya ce, "Yaya, sake yi in gani." Sau biyar muka maimaita, har tsohon da ke gidan kusa da mu ya leƙo ta katanga ya tambaya ko jirgin ne ba zai tashi ba ko mu ne ba za mu bar shi ya yi ƙailula ba.

Tana da nata halin, ba zan ɓoye maka ba. Ƙarfin wutarta da gudun injin yake tafiya. Lokacin da kik ke juya injin a hankali 'yar kaɗan take bayarwa, in batir ya yi sanyi ko tazarar da ke tsakaninta da haƙori ta yi faɗi, za ka yi ta murzawa bai tashi ba. Ka auna tazarar ta farkon da fila geji, wato ma'aunin tazara, ka ba ta biyun daidai wannan, wajen milimita ɗaya ne abin. Sannan wayoyin nan biyu ba a juya su yadda aka ga dama. In ka juya, injin zai iya tashi har ka yi murna, amma tayimin, wato lokacin da wuta ke isa fulogi, zai riƙa zamewa yayin da gudu ke ƙaruwa, rotari kuwa ba ya yafe wutar da ta zo da wuri, silin da ke kusurwar rota ne zai biya. Kuma da yake maganaɗisu ce, tana tara garin ƙarfe a hanci. Masu RX-8 sun san wannan, mota ta fara shaƙewa, a kwance sensa a goge da tsumma, ta warke. Ni duk canjin baƙin mai sai na goge duka biyun.

Hall kuwa, to. Waya uku ce, sai ka kai mata wuta, tana ba da sigina mai tsabta ko da injin na rarrafe, kuma na san kamfanin SDS na Kanada da ita suke haɗa na'urorinsu na jirage. Wadda na saya a intanet, marar suna a jiki, minti ashirin ta yi ta ɗauke da zafi ya kama ta, da ta huce ta dawo tana aiki kamar mutuniyar kirki. Abin da ke mutuwa ya farfaɗo da kansa ba na son sa a jirgi. Wanda ya samu ta ƙwarai ya ji daɗinta, Allah ya ba da sa'a.

Inda na fi so ka tsaya ka natsu shi ne wurin ɗaurawa, don a nan na yi asarar sati biyu. Faifan haƙoran Renesis gurbi 36 gare shi, kowane gurbi digiri 10, an cire haƙora bibbiyu a wuri uku, ta waɗannan giɓi ne ƙwaƙwalwa ke gane inda rota take. Sensa ta biyu ba za ta zauna a mazaunin ta farko ba, dole ta matsa gefe. In ta matsa gurbi shida, duk abin da take gani ya goce da digiri 60. Ni da wayona sai na sa makunni ɗaya, ina sauya sensa a ƙwaƙwalwa guda. Da na juya, injin ya yi wata irin harbawa ya mutu, kare ya bar unguwar. Ƙwaƙwalwar ba ta san na canza mata ido ba. Tunda kana da biyu, ka ba kowace tata sensar, ka shigar wa ta biyun adadin gocewar a cikin saitinta, sannan ka haska fitilar tayimin a kan fuli ka tabbatar alamar tana tsayawa wuri ɗaya ko wacce ka kunna, a silo da kuma lokacin da injin ke gudu sosai. Kada ka yarda da lissafin takarda kawai.

Mariƙin ma kada ka raina shi. A juyi 6,000 faifan nan sau 100 yake zagayawa a daƙiƙa ɗaya, in mariƙin ya yi laushi yana karkarwa, tazara tana buɗewa tana rufewa, ƙwaƙwalwa ta riƙa ƙirga haƙoran da babu su. Na farkon da mai walda ya lanƙwasa min da falange da yatsa nake motsa shi. Na koma wurin makanikai a Apo na sa aka sassaƙa min wani daga dunƙulen alminiyon mai kauri, noti biyu, kowanne da wayar kulle. Kada su yi tarayya da ta farko a noti, ko a soket, ko a hanyar waya. Wayar ta zama mai rigar raga, a haɗa ragar da jikin negetib a gefen ƙwaƙwalwa kaɗai, a nisanta ta da kwayil da wayoyin fulogi. Ka kuma dubi fambel ɗin altaneta da kyau: in ya tsinke ya yi bulala, wace waya zai tsinka? In amsar duka biyun ce, kuɗinka ka zubar.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu kaya. Kwali mai tambarin Mazda ba shaida ba ne, ana buga shi kamar katin biki. Akwai mai wanke tsohuwa da fetur ya shafa mata mai ta yi ƙyalli ya ce sabuwa ce, akwai mai ba ka ta wata motar ya rantse duk ɗaya ne. RX-8 ba ta da yawa a ƙasar nan, tun 2012 aka daina ƙera ta, don haka duk wanda ya ce yana da su katan-katan ka ƙara buɗe ido. Ka tafi da taka ta asali a aljihu da mita. Ka auna juriyar wayar cikin taka, ka auna tasa, su yi kusa da juna. Ka mayar da mita kan AC, ka gifta sifana ta gaban hancinta da sauri, lamba ta motsa. Ka gwada tsawon hancin da ramin noti. In ya hana ka aunawa, ka yi masa sallama. Ni na fi yarda da 'yar Beljiyam da aka kwance a gabana daga jikin injin a kan sabuwar da ban san asalinta ba.

Ka sayi biyu ma in ka samu, ɗaya ta zauna a akwati. In kana Abuja ranar Asabar ka biyo Kuje bayan la'asar da faifanka, mu ɗora shi a kan nawa mariƙin mu ga ko ramukan za su hau.