Kafin ka kashe kuɗi a kan koyon yaren Irish

'Yan uwanmu da ke zaune a Dublin ko Cork ko Galway sun san wannan matsalar, yaro ya dawo daga firamare da aikin gida na Irish, don a Ayilan darasi ne na dole, uba ko uwa su zauna suna kallon takarda ba su san ta inda za su kama ba. Wasu kuma sha'awa ce kawai ta ja su. Ko wanne ne kai, kayan koyo sun yi yawa a kasuwa kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba.

Ni dai ma'aunina ɗaya ne, akwai sauti ko babu? Sautin ma na ɗan asalin yaren. Irish ba a karanta shi yadda aka rubuta, bh da mh suna fita kamar v ko w, kuma farkon kalma yana sauyawa, bád wato jirgin ruwa sai ka gan shi ya zama bhád ko mbád dangane da abin da ya zo gabansa. Littafi marar sauti kome kyansa, kai da shi asara ne.

Shi ya sa nake tsaye a kan Buntús Cainte, littafin koyo mai haɗe da sauti. Tsoho ne, tun 1967 ya fito, Tomás Ó Domhnalláin ya tsara shi, kashi 3 ne, hotunan ciki ma za su ba ka dariya don tsufa. Amma wallahi har yau ban ga wanda ya kai shi tausayin ɗan koyo ba. Darasi gajere ne sosai, 'yan kalmomi sababbi, jimloli kaɗan da kake maimaitawa a bayan mai magana, sai ƙaramar hira, shi ke nan ka gama kafin shayinka ya huce. Da maganar yanayi yake farawa, sanyi da zafi da ruwa, wadda ita ce hirar mutanen ƙasar safe da yamma. Ba ya cika ka da nahawu, kunnenka ne yake sabawa har ka ji jimlar ta zauna da kanta. Wanda ya yi Larabci a islamiyya zai ji daɗi a nan, domin Irish ma aikatau yake sawa a gaba kafin mai aikin. Aibinsa shi ne ba ya bayani, in kai mai son sanin dalili ne sai ka haɗa da Gaeilge gan Stró na Éamonn Ó Dónaill, shi na zamani ne kuma yana da sauti.

Duolingo, manhajar koyon harsuna a waya, kyauta ne, ya isa haddace kalmomi a cikin bas, iyakarsa ke nan. Learning Irish na Mícheál Ó Siadhail kuwa na malaman jami'a ne, karin harshen wani yanki na Galway yake koyarwa da rubutun da bai dace da na makarantar yaranka ba, bar shi sai nan gaba.

Maganar karin harshe kada ta tsorata ka. Manya uku ne, Munster da Connacht da Ulster, sai daidaitaccen rubutu da gwamnati ta fitar a 1958, kamar dai Kananci da Sakkwatanci da Hausar littafi. Shiga teanglann.ie, kyauta ne, ka rubuta kalma ka ji ta da bakin yankunan uku, ka zaɓi wanda ya yi maka daɗi ka riƙe. Ƙamus kuma focloir.ie ya wadatar, kar ka sayi na takarda yanzu. Tashar TG4 tana da shirye-shirye masu fassarar Turanci a ƙasa, gidan rediyon Raidió na Gaeltachta kuwa gudu suke yi da magana, bari sai ka yi ƙwari.

Yanzu ga inda raina yake ɓaci. Wani ya taɓa sayar min da tarin PDF a WhatsApp wai cikakken kwas, babu sauti ko ɗaya, rabinsu ma na Gaelic ɗin Sikotlan ne, yare ne daban duk da 'yan uwan juna ne. Duba wasalin, in alamar da ke kansa ta karkata dama kamar á to Irish ne, in ta karkata hagu kamar à na Sikotlan ne. Akwai kuma littattafan da inji ya rubuta ake zubawa a shagunan intanet, bango mai kyau, sunan marubucin da ba wanda ya san shi, alkawarin za ka iya a wata ɗaya, ciki kuwa jimlolin Turanci ne aka sa wa riga. Na gwanjo ma ka tambaya ko faifan sautin yana ciki kafin ka biya, sau da yawa ya ɓace. Sai masu cewa in ka yi kwas ɗinsu za ka samu biza ko aiki a Ayilan, ƙarya ce tsagwaronta, ba a ba da biza don ka iya Irish, kuma satifiket ɗin da suke bugawa da kansu ba ya aiki a ko'ina. In takarda kake so, jarrabawar TEG ta Jami'ar Maynooth ita aka sani, tana da matakin 'yan koyo, kuma kai tsaye ake rajista ba ta hannun dillali ba.