Gargaɗi ga masu motoci a Kano: a kula da 'yan “gwajin kwamfuta kyauta”

Assalamu alaikum jama'ar Kano. Duk mai motar fetur, musamman iyayenmu mata da magidantan da ba su saba zaman gareji ba, don Allah a daure a karanta wannan.

Akwai wasu samari da suka ɓullo da wata sana'a a garin nan. Suna tallar “gwajin kwamfuta kyauta” a WhatsApp da TikTok, wani lokacin kuma su laɓe kusa da gidan mai ko wurin wankin mota da 'yar na'urarsu a hannu. Ba kowace mota suke nema ba. Wadda suke farauta ita ce mai matsalar silo, wato aikin inji lokacin da mota ke tsaye: ka tsaya a danja, ko cunkoso ya riƙe ka a Ƙofar Nassarawa, sai allurar injin ta faɗo, motar ta hau karkarwa tana neman mutuwa, can kuma ta farfaɗo da kanta. Gobe lafiya lau, jibi abin ya dawo. Wannan zuwa da tafiyar shi ne jarinsu. Ko me suka taɓa, za ka yi kwanaki kana ganin an gyara, ranar da ciwon ya dawo kuma su ce ai wani ƙarfen ne daban ya lalace, a kawo kuɗi.

Yayata suka yi wa, malamar makaranta ce mai Corolla. Yaron ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, abokinsa ya buɗe bonet wai yana sauraron inji. Sai ga lambobi sun cika allo, an juyo mata da shi. “Hajiya, Allah ne ya haɗa mu. Birenbos ɗinki ya fara ƙonewa, ga indomi ya toshe. In kika ƙara sati a haka, inji za ki saya.” Birenbos shi ne kwamfutar da ke sarrafa inji, indomi kuma shi ne abin da ke cikin salansa yana tace hayaƙi. Ta ce ya bari ta yi shawara da maigida. Ya ce akwai birenbos guda ɗaya tak ɗan Beljiyam da ya rage a wajen ogansa, wani Alhaji ma yana kan hanyar zuwa ɗauka. Ta tura kuɗin da ya haura albashinta na wata, ta bar musu mota ta kwana.

Da matsalar ta dawo muka kai wa wani dattijon rewaya da muka daɗe tare. Ya ciro birenbos ɗin, ashe nata ne na asali, an goge shi tas an zana masa lambobi da rawayar maka don ya yi kama da na kasuwa. Ya shiga ƙarƙashin motar ya kira ni in leƙa: sabuwar walda ce raɗau a jikin salansa, ya ƙwanƙwasa tukunyar da sifana ta amsa fayau, babu komai a ciki. Ainihin ciwon kuwa, tiyon roba ne da ya taso daga iya kilina, wato matatar iska, zuwa bakin injekta inda iska ke shiga inji, ya tsage a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa, inda ido ba ya gani sai an murɗa shi da hannu. Gyaran da suka yi mata kawai shi ne fesa wa bakin injekta mai, shi ya sa ta ɗan ji sauƙi. Lambar wayar yaron tun ranar a kashe take.

Indomin nan da ake cewa ya toshe a fasa a zubar, ba shara ba ne. A cikinsa akwai ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, kuma akwai masu sayensa. Shi ya sa ake son mota ta kwana. Kuma in da gaske ya toshe, ba a tsaye yake fara nuna kansa ba, a kan gudu ne: ka taka totur a titin Zariya mota ta ƙi ja, ko ta kasa hawan gada. Famfon mai ma haka, in ya yi rauni, lokacin da inji ke neman mai da yawa ya fi tona kansa. Motar da ke gudu lafiya amma take karkarwa a tsaye, ba nan ake fara nema ba. Birenbos kuwa yana cikin abubuwan da suka fi daɗewa a jikin mota. Yakan lalace idan ruwa ya shige shi, ko an juya kan batir, ko an yi walda da ganganci, amma shi ne na ƙarshe da mai gaskiya zai zarga. A motoci da yawa ma, in an canza shi sai an sake haɗa shi da makulli kafin mota ta tashi. Ka tambayi wanda ya ce ya canza maka yadda ya yi da makullinka.

Dabarar lambobin ita ta fi ba ni takaici, domin na'urar kanta ba ƙarya take yi ba. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka tun daga 1996, da na fetur na Turai tun daga 2001, duk suna da soket mai baki 16 da ake jona na'urar a ciki, kuma kowace na'ura mai arha tana karanta shi. Amma in aka zare soket ɗin sensa guda yayin da inji ke aiki, nan take mota za ta rubuta lamba. Wancan da ke cikin bonet, aikinsa ke nan. Sannan lamba ba ta cewa “canza kaza”, alama kawai take bayarwa. P0171 na nufin iska ta yi wa mai yawa. P0300 na nufin inji yana tsallake wuta, P0301 zuwa P0304 kuma su nuna maka silinda ta nawa ce. P0505 da P0506 maganar silo suke yi. P0420 ita ce ta indomi, kuma bayan an kwashe na yayata ta bayyana.

Injin fetur da ya ɗau zafi yakan zauna tsakanin juyi 600 zuwa 800 a minti a silo. Iskar da yake shaƙa a lokacin 'yar kaɗan ce, don haka ƙaramin abu ke rikita shi. Baƙin datti ya taru a bakin injekta, hanyar iskar ta ƙuntata. A Kano da ƙurar hunturu da iya kilinan da sai dai a kaɗe shi a mayar, wannan ruwan dare ne. Tsofaffin motoci masu wayar totur suna da wani ɗan bawul na silo wanda datti ke sa shi maƙalewa. Sababbi masu totur na lantarki ba su da shi, amma bayan an wanke su wani lokacin sai an sake saita silon. Ga tiyo da zafin rana ya busar ya tsage yana shigar da iskar da mota ba ta auna ba. Ga eyafulo, wato sensa mai auna iskar da ke shiga inji, da ƙura ta rufe, ga filogi da ya tsufa ko kwayil da ke yanke wuta in ya yi zafi, ga man 'yan bumburutu da aka sirka. Kusan dukkansu ana gano su da ido da hannu, kana tsaye, ba sai mota ta kwana ba.

Mai motar ma yana da aikin yi kafin ya je gareji. Lura da lokacin da abin ke faruwa. Da sanyin safiya ne ko sai inji ya yi zafi? Sai an kunna esi, ko an murɗa sitiyari har ƙarshe, ko an taka birki? Bayan an cika tanki ne? Kowace amsa tana nuna wani ɓangare daban. In fitilu suna dishewa tare da karkarwar, a auna wuta: batir lafiyayye yana ba da kusan volt 12.6 a kashe, 13.5 zuwa 14.5 in inji na aiki. In aka ce kwayil ne, kada ka saya tukuna, ka ce a musanya shi da na silindar kusa, a goge lambar a sake gwadawa. In lambar ta bi shi, shi ne. In ta tsaya inda take, a bar maka kwayil ɗinka. Makanikin da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan, shi ma haka zai yi.

Ba ina cewa duk mai na'urar gwaji ɓarawo ba ne. Garin nan cike yake da masu cin halal da ita, kuma su ma waɗannan yaran suna ɓata musu suna. Bambancin shi ne mai gaskiya yana da gareji da za ka dawo ka same shi, yana barinka ka ɗauki hoton allon kafin kowa ya buɗe bonet, kuma ba ya hana ka jin ta bakin wani. In dole sai an sayi ƙarfe, ka taka da ƙafarka zuwa Ƙofar Ruwa ko ka aiki wanda ka yarda da shi, ka karɓi rasit, kuma a damƙa maka tsohon a hannu. In mota za ta kwana, ka ɗauki hoton lambar birenbos da na ƙarƙashin salansa a gaban mai garejin, ya gani.

Wanda aka riga aka cuta, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya adana shaidar tura kuɗi da saƙonnin da aka yi, ya kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa, in kuma a cikin gareji abin ya faru ya sanar da shugaban garejin da ƙungiyar makanikai ta NATA. Sunan da ke kan asusun da aka tura wa kuɗin shi ne bakin zaren da za a fara bi. Don Allah a tura wa 'yan uwa masu mota, musamman waɗanda ke zuwa gyara su kaɗai.