Masu gyara ƙasa da jema da bakteriya: aikin na ci, amma akwai gyara

Duk mai filin da makanikai suka taɓa zama suka jiƙe shi da baƙin mai ya karanta wannan. Wasu matasa ne a nan Kano suke da ɗan kamfani suna aikin gyara irin wannan ƙasa, su muka kira, mu namu filin gado ne, ƙasar ta yi baƙi ƙirin ta daskare kamar kwalta, ko ruwan sama ya sauka sai dai ya gangare, tsiro ko ɗaya babu.

Ba sa kwashe ƙasar fa. Kafta suke su gauraya da kashin kaji, sai su kawo dashen jema, kafin su dasa su tsoma saiwar cikin wani ruwa a bokiti mai ɗauke da bakteriya. Ƙwayoyin nan shiga jikin ciyawar suke su zauna a saiwa da kara, man ya zama abincinsu, su kuma rage mata wahalar gubar har ta kafu, ga jema dama saiwarta na nutsawa wajen mita 3. Ba su suka ƙirƙiro dabarar ba, a 2017 masanan jami'ar Washington sun wallafa gwajin da suka yi a Kalifoniya da bishiyoyin poplar, waɗanda aka sa wa bakteriya sun fi girma kuma sun fi cinye sinadarin TCE, na wanke maiko a masana'antu, da ya ɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa.

Abin da ya burge ni, sun bar layi ɗaya ba su tsoma ba don mu gani da idonmu. Kafin damina ta fita wannan layin ya yi ja ya tsumbure, sauran kuwa kore shar, warin man ya ragu sosai, na tona har tana na gani wallahi.

Inda ban ji daɗi ba, ba su faɗa mana tun farko cewa baƙin mai na ɗauke da dalma ba, sai da yayana ya matsa da tambaya. Bakteriya na cin mai amma ba ta cin ƙarfe, shi ya sa a Zamfara bayan gubar dalmar 2010 da ta kashe yara sama da 400 kankare ƙasar gidaje aka yi aka zuba sabuwa. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne ga mai niyyar shuka alayyahu ko barin yara su yi wasa a wurin. Ban-ruwa da rani ma a kanka yake.

Zan sake kiransu kam, amma ku sa gwajin ƙasa a lab, kafin aiki da bayansa, cikin yarjejeniya tun kafin ku biya, kuma kar a ba dabba ciyawar da aka yanka.