Yaɓen ƙasa ko filastar siminti: wanne ya dace da tsohon gidan gado?

Hajiya, na ga tambayarki tun daren jiya. Kin ce gidan mahaifinku, Allah ya jiƙansa, ginin ƙasa ne a cikin birni, gindin katanga ya zaizaye, soro ɗaya yana yoyo, kuma kan 'yan gida ya rabu. Babban yayanku na son a shafe gidan kaf da siminti a huta, ke da Baffa kuna ganin a kira magini ya yi yaɓe kamar yadda aka saba. Duka biyun an yi su a gidanmu, a kan idona.

Yaya yana da hujjarsa. Siminti yana da saurin aiki, birkila kuwa ko'ina akwai shi, ba sai an yi cigiya ba. Bango ya yi sumul, ya karɓi fenti, ƙura ta ragu a ɗaka, akuya ta daina gogar jikinta tana kwashe ƙasa. Wanda ke zaune Abuja ko Legas, ba ya zuwa sai da salla, shi abin da yake so ke nan: a yi sau ɗaya a manta.

Matsalar ita ce ƙasa da siminti ba sa zama lafiya. Ginin tubali yana shan laima da damina ya ɗan kumbura, da rani ya fitar da ita ya tsuke. Siminti ba ya wannan motsi, kuma ba ya kama jikin ƙasa da gaske, manne kawai yake. Bayan 'yan shekaru sai ya yi tsaga siririya kamar zare, ruwa ya bi ta nan ya shiga, hanyar fita kuwa babu. Daga waje bango fes, ciki yana ruɓewa.

A zaurenmu haka ta faru. Wata rana na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, na ji yana amsawa kamar ƙwaryar da aka kife. Na faɗa, aka ce mini neman magana nake. Da ruwan Agusta ya zauna kwana uku, cikin dare muka ji rim! Falle guda na filasta, ya kai faɗin tabarma, ya zube a daidai inda almajirai ke kwana, Allah ya sa ranar suna soron ciki. Ƙasar da ke bayansa ta yi laushi kamar kwaɓin tuwo, gara ta shata hanyoyinta a ciki har sama. Shekara da shekaru tana aikinta, simintin ya yi mata labule.

Yaɓe ba ya ɓoye komai. In ruwa ya ci wuri za ki gani da idonki, a cike shi da kwando biyu na ƙasa. Yana barin bango ya sha iska ya bushe, kuma jinsinsu ɗaya da tubalin, tare suke motsi. Sai dai yana son hidima. Kafin kowace damina sai an zagaya an duba rawanin bango da zanko da bakin indararo, bangon gabas kuma ya fi kowanne shan wuya, don ta nan hadari ke bugowa. Sannan ba kowace ƙasa ake yaɓe da ita ba. Jar ƙasa mai danƙo ake nema, a kwaɓa da busasshiyar ciyawa da kashin doki ko na jaki, a tattake, a bar ta ta kwana ta tsima, a sake tattakewa. Masu gaggawa su kwaɓa da safe su yaɓa da azahar, ruwan farko ya wanke, sai a ce ai ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Sama da yaɓen kuma akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ita ke sa ruwa ya zame. Mutanen da ma har laso suke yi wa saman soro, haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara. Yau samun wanda ya iya wannan haɗin sai an tona, kuma ƙasar da a da ake haƙa a bayan gari yanzu tifa ce ke kawo ta da kuɗi. Kada a ce miki yaɓe kyauta ne. Kuɗinsa kaɗan-kaɗan yake fita duk shekara, na siminti kuwa ya fita gaba ɗaya, sannan ya dawo da babban gyara.

In da ni ce a wurinki, ba zan fara da gardamar bango ba, ruwa zan fara bi. Soron da ke yoyo shi ne na gaggawa. A hau a duba indararo, sau da yawa leda ce da ganye suka toshe shi, ruwa ya kwanta a saman. Daga ciki kuma a soki bakin azara inda ta shiga bango. Azarar giginya gara ba ta cika cin ta ba, amma in laima ta daɗe a kanta tana ruɓewa ta nan. In kin ga tsaga a baka ko a ɗaurin guga, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗauke da rufin soro daga ciki, a fitar da mutane tukuna, shawara ta biyo baya. Babban masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun shekarun 1830, ya yi kusan shekara 190 a tsaye, amma da wani sashe nasa ya rufta a watan Agustan 2023 ana cikin salla, an rasa rayuka, kuma an riga an ga tsagar kafin ranar.

Rufi kuwa, abin da ya fi mana shi ne ɗora kwano a saman soron ba tare da an sauke azara ba, a bar bakin kwanon ya zarce bango sosai. Ruwa ya daina taɓa ƙasar, sanyin soro yana nan. Duk wanda ya yi azumi cikin zafin Afrilu a ɗakin bulo mai kwano zalla ya san bambancin.

Inda siminti ke da gaskiya shi ne ƙasa-ƙasa. Gidajen cikin birni da yawa titi ya fi su tudu yanzu, saboda ciko da aka yi ta yi, ruwan unguwa yana kwantawa a gindin katanga. Nan a yi dakali mai gangara da dutse da siminti, a gyara lambatu, a sa bututu ya karɓi ruwan indararo ya kai shi nesa. Gindin da ya zaizaye a cike shi da dutse da ƙasa, kaɗan-kaɗan, kada a rarake tsawon bango lokaci guda. Tsakar gida ma siminti ya fi daɓe sauƙin shara da wanki, muddin an karkata shi zuwa rariya ba zuwa ɗakuna ba. A kuma duba ramin masai da wurin wanke-wanke, in suna manne da bango to su ne ɓarayin cikin gida.

In Yaya ya kafe sai siminti a fuskar gida saboda idon mutane, a kafa raga ta waya da ƙusoshi kafin a yi, a bar cikin ɗakuna da yaɓe da farar ƙasa, bangon ya samu gefe ɗaya na numfashi. Ba zai hana ɓamɓarewa ba, zai dai jinkirta ta, kuma duk shekara sai an bi da yatsa ana ƙwanƙwasawa.

Aikin a fara shi bayan ɗaukewar ruwa, in bango ya bushe har ciki. Tunda kuma gidan gado ne ba a raba ba, Hajiya, ki sa a rubuta abin da kowa ya bayar, Baffa ya sa hannu, a ajiye takardar a wurinsa.