Kiran layi ko kiran WhatsApp: wanne ya fi fitar da murya?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Birni ta Damagaram ya yi tambaya cewa duk sanda ya kira mahaifiyarsa a Mirya sai murya ta riƙa yankewa, wani lokacin kuma ta ce tana jin sa can ƙasa-ƙasa, don haka yana son sanin ko ya koma kiran WhatsApp ne ko kuwa ya sayi sabuwar salula.

Malam, kada ka yi gaggawar zuwa Kasuwar Dole, domin matsaloli biyu ka ambata, kuma ba lallai ne tushensu ɗaya ba.

Kiran layi na gargajiya yana ɗaukar wani yanki ne kawai na muryar mutum, daga hertz 300 zuwa 3400 a ma'aunin kauri da sirantar sauti, shi ya sa murya ke fita a shaƙe ko da rezo, wato ƙarfin layi, ya cika. Amfaninsa shi ne juriya, domin idan ba a kunna maka kira ta 4G ba, salula takan sauka zuwa 3G ko 2G da zarar ka buga lamba, kuma 2G mai tafiya kan megahertz 900 ya fi iya ratsa katangar ƙasa mai kauri irin ta gidajen Birni. Kiran WhatsApp kuwa yana yanka murya ƙanana-ƙanana ya tura ta intanet. Idan intanet na da ƙarfi a ɓangarorin biyu, muryarsa ta fi ta layi fita tangaram. Idan ya yi rauni ko da a ɓangare ɗaya ne, sai kalmomi su riƙa ɓacewa, murya ta koma kamar ta inji, ga kuma jinkiri. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin isar murya ya wuce milisakan 150, kuma idan ya zarce haka da yawa sai ka ga kai da Hajiya mahaifiyarka kuna ta katse wa juna gaisuwa.

A ganina, idan Hajiya a cikin ɗaki take amsa waya, watakila ma ƙarƙashin rufin kwano, kiran layi ya fi dacewa da ku. Ka roƙe ta ta fito tsakar gida idan kun fara magana, kai ma ka yi haka. WhatsApp ya fi amfani wajen kiran 'yan'uwa da ke ƙasashen waje, inda kuɗin minti ke da tsada.

Maganar jin ka ƙasa-ƙasa kuwa, sauya hanyar kira ba za ta magance ta ba, saboda galibi daga salular take. A ƙasan waya, kusa da wurin sa caji, akwai ɗan rami kamar bakin allura wanda murya ke shiga ta cikinsa zuwa makirfo, kuma ƙurar hunturu tare da zaren aljihu sukan toshe shi sannu a hankali. Ka ɗauki muryarka da na'urar naɗar sauti ta wayar, ka saurara. Idan ta fito a dushe, laifin ba na rezo ba ne. Ka cire rigar wayar, domin wasu rigunan sukan rufe ramin, sannan ka goge wurin da busasshen burushin haƙori mai laushi. Kada ka zura allura, domin tana iya huda tantanin da ke ciki, gyara ya koma ɓarna.

Idan naɗin ya fito lafiya, to a duba wurin jin magana na wayar Hajiya, shi ma ƙura na cika ragarsa. Haka nan idan kana jin muryarka tana dawo maka, yawanci daga can ne, wato ta ƙure ƙarar waya ko ta buɗe lasifika. Sai bayan an gwada layinka a cikin wata salular, an ji murya ta gyaru, sannan za a kai taka wurin mai gyara, kuma sauya makirfo ya fi sayen sabuwar waya araha nesa ba kusa ba.