Sharhi: Sulke da takubban Gidan Halifa a Omdurman

Gidan Halifa yana Omdurman a ƙasar Sudan, dab da ƙubbar Mahadi. An gina wa Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ƙasan gidan a 1888, aka ɗora bene a 1891, sannan aka mai da shi gidan tarihi a 1928. Abin da ke cikin wannan sharhi, yadda wurin yake ne kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023.

Masu ziyara sukan daɗe a tsakar gida suna kallon tsohuwar mota da kan ƙubbar Mahadi ta farko da aka tsirar. A ganina kayan yaƙin Ansar, wato mabiya Mahadi, su ne abin zuwa, balle ga mu Hausawa da muka san 'yan sulke da 'yan lifidi a hawan salla.

In ka iso gaban sulke, kada ka tsaya daga nesa. Matsa ka dubi zobe ɗaya tak. Kowane zobe yana sarƙe da huɗu, kuma ɗinkin iri biyu ne. Akwai wanda maƙeri ya fyaɗa bakunansa, ya huda, ya sa 'yar ƙusa ya dake. Za ka ga ɗan tudu kamar kan allura a mahaɗar. Akwai kuma wanda aka haɗa baki da baki kawai. Na farkon shi ne na gaske. Na biyun, da tsinin mashi ya shiga sai ya buɗe. Riga guda tana cin zobba dubbai, nauyinta yakan kai kilo 10, kuma duk a kafaɗa yake sauka, shi ya sa barde yake ɗaure ƙugu da ɗamara don ya raba nauyin. Sulke yana tare sara amma ba ya hana ƙashi karyewa, don haka sai an sa riga mai cushe da auduga a ƙarƙashi. Harsashi kuwa ya fi ƙarfinsa, har yakan tura guntayen ƙarfe cikin rauni. Wanda ya fahimci wannan, in ya shiga sashen yaƙin Karari na 2 ga Satumba 1898, zai gane yadda Ansar wajen dubu 10 suka kwanta dama a gaban bindigogin Maxim da igwa, alhali waɗanda aka kashe a ɓangaren Kitchener, kwamandan rundunar Ingila da Masar, ba su kai mutum 50 ba.

Takobin Ansar, wanda masana ke kira kaskara, miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, tsawon ruwansa kusan santimita 90. Ƙarfen da ke kare hannu tsirara yake, ba kamar na takobin Abzinawa da ake naɗewa da fata ba. Kuben yana faɗaɗa daga ƙarshe, ana kuma rataya shi a kafaɗa. Ruwan takubba da yawa daga Solingen ta Jamus aka kawo su, amma maƙeran gida ma sun kwaikwayi tambarin, saboda haka tambari kaɗai ba ya nuna asali. Wasu an cika su da rubutun Larabci salon sulusi da aka ci da asid.

Bindigogi irin Remington na cin harsashi ɗaya-ɗaya, kuma da yawa ganima ce daga rundunar Masar ta Hicks Pasha da Ansar suka murƙushe a Shaikan a Nuwambar 1883. Sai jibbunan Ansar masu faci-faci, da tutoci, da takardun kuɗin da Janar Gordon na Ingila ya buga lokacin da Ansar suka yi wa Khartum ƙawanya. Awa biyu sun isa a ga komai a natse.

Irin waɗannan kaya ba a taɓa su, domin gumin hannu tsatsa yake haifarwa. Wanda ya gaji takobi a gida, don Allah kada ya goge shi da sanfefa, rubutun zai tafi. Busasshen tsumma da ɗan man keken ɗinki sun wadatar, kuma kada ya shekara a cikin kube, don fata tana riƙe danshi.

A yaƙin da ya ɓarke a 2023 an wawashe gidajen tarihi a Sudan, har da babban na ƙasa a Khartum, abin da ya sa UNESCO ta gargaɗi 'yan kasuwar kayan tarihi a 2024. 'Yan'uwa, in an kawo muku tsohon takobi ko sulke na sayarwa, ku tambayi inda ya fito. In babu gamsasshiyar amsa, ku bar shi.