Man alobera mai bitamin E: sati shida a kan ƙunar salansa

Salansar babur ɗin babansu ce ta ƙona autata a ƙwauri, wajen faɗin murfin kwalba. Kafin in fito daga kicin har maƙwabciyata ta kawo man goge baki, wata kuma tana cewa a fasa ɗanyen ƙwai. Ban yarda ba. Na tara ƙafar a famfo har minti 20, sannan muka tafi asibiti aka wanke aka naɗe.

Washegari na sayo wannan man a kemis, naira 4,500, giram 50. Yana da lambar NAFDAC, kuma a jikin kwalin an jera alobera (zabuwa, in ji kakata, saboda ɗigo-ɗigon ganyenta), da bitamin E, da fantenol, wanda fata ke mayarwa bitamin B5. Na yi garaje na shafa a gefen ciwon tun yana ɗanye. Ihun da yarinyar nan ta yi! Da na koma na karanta ƙananan rubutun, ashe akwai alkohol a ciki. Nas ɗin da ke mata wankin ciwo ta ce, “Hajiya, ai wannan sai ciwo ya rufe.”

Bayan kwana 12 fatar ta haɗe, nan ne man ya yi rana. Lokacin hunturu ne, wurin ya bushe yana ɗaurewa, tana ta susa har cikin barci. Ina ajiye shi a firji, safe da dare in lakata kamar ƙwayar wake in murza mata a hankali. Yana shiga fata nan take, ba maiƙo, ba ya kama ƙura kamar man kaɗanya. Susar ta ragu sosai cikin kwana uku, har ita da kanta take miƙo ƙafa.

Amma batun “goge tabo” da aka rubuta da manyan baƙaƙe, ban gani ba. Tabon na nan, ya ɗan yi laushi ne kawai. Akwai ma wani bincike da aka yi a Amurka a 1999, inda bitamin E bai gyara tabon tiyata ba, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka shafa wa kuma suka samu ƙuraje. Don haka a fara gwadawa a damtse.

Zan sake saya, amma ƙaramin nan ya ishe mu.